Sufi a Rubutun Hausa: Abin da Muka Gada da Abin da Muka Zubar

Gabatarwa

Duk wanda ya saba karanta ƙagaggun labaranmu na Hausa, tun daga littattafan da suka cika kasuwa a shekarun 1980 da 1990 har zuwa waɗanda ake turawa ta wayar hannu a yau, ya san wani mutum da ba ya ɓacewa a cikinsu. Tsoho ne mai farin gemu, yana zaune a kan buzu a wani zaure mai duhu ko a bayan gari, da dogon carbi a hannunsa. Aikinsa a labari ɗayan biyu ne. Ko dai uwargida ta kawo masa kuɗi ya raba mijinta da amarya, ko kuma tauraron labarin ya shiga uku ya zo gare shi, shi kuwa ya runtse ido ya faɗa masa abin da zai faru gobe. Na farko mugu ne, na biyu waliyyi ne, amma a cikinsu babu wanda aka nuna mana abin da ke cikin zuciyarsa. Marubucin ya ɗauko shi ne kamar tsani, a hau a ƙetare katanga, sannan a jingine shi a manta.

Wannan tsoho shi ne abin da ya rage mana na sufi a rubutun zube. Abin da nake son in nuna a wannan sharhi shi ne, marubutan da suka rayu a wannan ƙasa tamu shekara ɗari biyu da suka wuce sun ɗauki sufanci a matsayin binciken zuciya da yi wa kai hisabi, kuma da wannan ma'auni suka auna kansu da masu mulkinsu. Mu kuwa da muka gaje su mun riƙe ɓawon mun yar da ƙwayar. Yanke hukunci tsakanin 'yan ɗariƙa da 'yan Izala fage ne na malamai, kuma a ƙungiyarmu akwai mutanen kowane ɓangare, saboda haka maganata ta adabi ce kurum.

Abin ya fi zama abin kunya gare mu mu marubutan wannan yanki. Wanda ya taso daga Illela zai tafi Sakkwato sai ya ratsa ƙasar Gwadabawa, inda Degel take, garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna ya karantar kafin hijira. A ƙasar ne kuma Salame take. In ka ƙetara iyaka ka wuce Ƙonni ka nufi gabas, can ne Maratta, inda aka haifi Shehun a 1754. Ke nan a bakin rijiya muke zaune muna kukan ƙishirwa.

Kalma Ɗaya, Ma'ana Iri-Iri

Kuskuren farko da marubuci yake yi shi ne ya zaci sufanci abu guda ne da bai taɓa sauya kama ba. Mafi yawan masana sun tafi a kan cewa kalmar ta fito ne daga sunan gashin tumaki a Larabci, saboda rigar gashi mai kaushi da masu gudun duniya na farko suke sawa. A zamanin Hasanul Basri, wanda ya rasu a 728, abin bai wuce tsoron Allah da juya wa ƙawar duniya baya ba, a daidai lokacin da dukiya ta malalo cikin biranen Musulmi, fadojin sarakuna suka cika da alatu. Sai Rabi'atul Adawiyya, ita ma mutuniyar Basra, wadda ta rasu a 801, ta shahara da bautar da tushenta soyayya ce. A Bagadaza kuma Muhasibi, wanda ya rasu a 857, ya mayar da abin ilimi mai ƙa'ida, ya bi diddigin yadda riya da jiji da kai da hassada suke ɓuya a cikin aikin kirki har mai shi bai sani ba. Laƙabinsa ma daga yi wa kai hisabi ya samo asali.

Daga nan hanya ta rabu. Junaidu, wanda ya rasu a 910, ya tsaya a kan natsuwa da kame baki. Hallaju ya furta maganganun da hukuma da malaman zamaninsa ba su iya ɗauka ba, aka kashe shi a Bagadaza a 922. Imamu Gazali ya bar kujerarsa ta babban malami a makarantar Nizamiyya a 1095, bayan da ya bincika niyyarsa ya ga neman suna ya fi yawa a cikin karantarwarsa, kuma ya rubuta labarin wannan hali da alƙalaminsa. Ibnu Arabi, wanda ya rasu a 1240, ya kai abin fagen falsafa mai zurfi. Ɗariƙu masu shehu da muƙaddamai da wuridi tsayayye sun bunƙasa ne daga baya, wadda ake jingina wa Shehu Abdulƙadir Jilani, da ya rasu a 1166, da wadda Shehu Ahmadu Tijjani ya kafa, shi kuwa ya rasu a Fas a 1815.

Saboda haka in marubuci ya ce ya sa sufi a labarinsa, mai karatu yana da damar tambayarsa wane iri. Mai gudun duniya ne, ko mai bege, ko mai binciken zuciya, ko mai falsafa, ko shugaban jama'a mai zawiya da almajirai da baƙi da za a ciyar? Kowannensu da irin jarrabawarsa. Mai gudun duniya yana iya faɗawa cikin raina mutane, shugaban zawiya yana iya faɗawa cikin son a durƙusa masa. A wurin wannan jarrabawa labari yake, kuma ita ce muke tsallakewa.

Abin da Mutanen Degel Suka Rubuta

Shehu Usmanu Baƙadire ne, wannan ba a gardamarsa. A wani ɗan gajeren rubutu da aka fi sani da Wuridi ya ba da labarin abin da ya same shi yana da shekara talatin da shida, lokacin da aka yaye masa shamaki daga gani da ji da sauran gaɓɓansa. Sannan ya faɗi abin da ya gani yana da shekara arba'in da 'yan watanni, wato wajen 1794, inda aka kai shi gaban Manzon Allah (SAW), Shehu Abdulƙadir ya naɗa masa rawani ya rataya masa takobin gaskiya. Kowa yana son ya ba da wannan labari. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, daga wannan gani zuwa hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, shekara goma ce cur, kuma karantarwa da wa'azi da rubutu ya yi a cikinta. A rayuwar Shehu abin da ya gani nauyi ya ɗora masa. A littattafanmu kuwa mafarki sauke wa tauraro nauyi yake yi, ya kwanta da matsala ya tashi da maganinta.

Shehun nan da ya rubuta Wuridi shi ne ya rubuta Ihya'us Sunna, inda ya keɓe wa sufanci babi, ya jera abin da yake sunna a cikinsa da abin da mutane suka ƙaga, yana yawan dogara da Shehu Ahmadu Zarruƙ, malamin Magrib da ya rasu a 1493, wanda ya yi fice wajen ɗaure sufanci da igiyar fiƙihu. A Nurul Albabi ya yi kaca-kaca da masu duba da masu da'awar sanin gaibu don su ci dukiyar talakawa. Da jama'a suka fara raɗe-raɗin cewa shi ne Mahadi, ya ɗauki alƙalami ya ƙaryata. Ashe ke nan bambancin da ke tsakanin sufi da malamin tsibbu, wanda marubutanmu suke cuɗa su wuri guda, tun a Degel aka shata shi.

A nawa ganin, shafukan da suka fi kowane amfani ga mai son rubuta labari suna cikin Tazyinul Waraƙati na ƙanensa Malam Abdullahi, wanda ya haɗa a 1813. Wajen 1807, jihadi yana tsaka, nasara tana zuwa, Abdullahi ya dubi abokan tafiyarsa ya ga da yawa sun sauya. Mutanen da suka bar gidajensu don Allah sun koma neman sarauta da dawaki da manyan riguna da tara kuyangi. Bai tsaya a zargin wasu ba, ya ji tsoron kada shi ma ya zama ɗaya daga cikinsu. Sai ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar tafiya ƙasa mai tsarki. Da ya iso Kano mutanenta suka tare shi, suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda ake tafiyar da shari'a. A nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karanta musu tafsiri, daga baya ya juyo ya koma wurin jama'ar da ya guje wa.

Mai karatu ya dubi abin da ke cikin wannan labari. Ga mutum da ya samu abin da ya yi yaƙi dominsa, sai samun ya zame masa abin tsoro. Ya gudu don ya tsira da zuciyarsa, sai ya tarar da irin nauyin da ya gudar wa yana jiransa a gaba. Babu aljani, babu tafiya a kan ruwa, amma gudun duniya da ɗaukar nauyin jama'a sun yi karo a ƙirjin mutum guda. Shi ne karon da Gazali ya yi shekara ɗari bakwai kafin nan. Har yau ina jiran ɗan ƙungiyar nan da zai zauna ya rubuta mana daren da Abdullahi ya yanke shawarar barin sansani.

Wannan ma'auni ne ya fito a waƙar Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa wajen 1831, ɗan'uwanta Isa ya yi mata tahamisi. Waƙar tana bin masu riƙe da jama'a ɗaya bayan ɗaya, mai sarauta da alƙali da mai ƙwace da mai cin amana, tana gaya wa kowa makomarsa, kowane baiti yana faɗawa a kan amshi guda kamar guduma a kan maƙera. Abin lura shi ne, waɗanda ake yi wa gargaɗin 'yan gida ne, mutanen da daula ta zo hannunsu bayan an ci Gobir.

Tawassulin Nana Asma'u

Wajen 1837 Nana Asma'u ta waƙe wani littafi da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta da Larabci a kan mata salihai. Ta yi shi da Fulatanci da Hausa, na Hausar shi ne Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Wanda ya zo wa waƙar yana neman azanci da siffantawa irin ta mawaƙan ƙarni na ashirin zai iya gajiya, domin kusan jerin sunaye ce, kowace mace baiti ɗaya ko biyu, a wuce. Wannan rauni ne in an auna ta da ma'aunin waƙar da ake karantawa a takarda. Amma an yi ta ne don a hardace. Jajojin 'yan taru, matan nan da Asma'u take naɗa wa malfa, su ne suke ɗaukarta a ka su kai ƙauyuka su biya wa matan da ba su taɓa riƙe allo ba. Waƙar da za ta yi irin wannan tafiya dole ta zama marar nauyi.

Hikimar waƙar tana cikin jerin ne. Ta fara da matan Manzon Allah (SAW) da 'ya'yansa, ta bi ta kan salihan mata na Iraƙi da Sham da Masar, irin su Rabi'atu da Sayyida Nafisa, sannan ba tare da sauya murya ba ta sauko kan matan jama'ar Shehu, waɗanda masu sauraro sun san su ko sun san 'ya'yansu. Ba ta tsaya ta yi bayanin cewa matar Degel tana iya kai matsayin matar Basra ba, ta sa su a sahu ɗaya ta bar mai ji ya gane. Sannan a dubi abin da ta yabi matan gida da shi: karatun Alƙur'ani, karantar da mata, kyauta, sulhunta masu rigima, haƙuri da jama'a. Ga Asma'u, alamar kusanci da Allah aiki ne da maƙwabta za su iya ba da shaidarsa. Marubuciyar da take kukan cewa ba ta da abin koyi wajen gina mace mai addini wadda ba baiwar miji ba ce kurum, ba kuma mai wa'azi da bulala ba, ta koma ga wannan waƙa.

Mijinta Waziri Giɗaɗo ya bi wata hanya dabam a Raudul Jinani, inda ya tattara karamomin Shehu. Littafi ne mai daraja, kuma masana tarihi suna amfana da shi saboda sunayen mutanen Degel da ya adana. Sai dai irinsa ana rubuta shi ne don a ƙarfafa soyayyar mabiya ga shehunsu, mai karatu ya shigo da yardarsa tun daga ƙofa. Ƙagaggen labari ba shi da wannan gata. In marubuci ya ari salon littafin karamomi ya warware ƙullin labarinsa da shi, to ya kashe labarin, domin mai karatu ya bi ka shafi ɗari ne don ya ga yadda mutum zai yi da kansa, sai ka kawo tsoho ya tofa addu'a komai ya daidaita. Daga cikin duk abin da mutanen Degel suka bari, wannan reshe kaɗai muka kama, shi ma ba da saninsa muka kama ba.

Akwai kuma reshen da ko sunansa ba ma ji. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu ta wajen 'yarsa Hadiza, an haife shi a shekarar hijira, 1804, ya rasu a 1864. A Salame ya zauna ya karantar a makarantar da mahaifinsa ya kafa. Ya rubuta tarihi, ya kuma yi rubutu a kan zurfafan mas'alolin Ibnu Arabi da Abdulkarim Jili. Baturen nan matafiyi Barth ya gana da shi a 1853, ya sa shi a sahun gaba na masanan ƙasar Sakkwato. Wato a ƙauyen da muke wucewa a mota an taɓa zama ana tattauna mene ne samuwa, mene ne matsayin ɗan Adam a cikin halitta.

Inda Zube Ya Rabu da Waƙa

Waƙa ba ta yar da wannan gado ba. Ishiriniyar Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, har yau ana rera ta a zaurukanmu da daren Mauludi. Malam Aliyu Namangi na Zariya, makahon da ya rayu daga 1894 zuwa 1990, ya bar mana Imfiraji, wadda ƙarfinta yake cikin muryar mai magana. Mutum ne da yake sa kansa cikin masu laifi, yana tsoron kabari, yana ƙishirwar Madina, yana yi wa kansa faɗa kafin ya yi wa wani. Shi ya sa makafi da almajirai suka ɗauke ta suka zaga ƙasa da ita, kowa yana jin kamar bakinsa aka ara.

Zube kuwa da wata ƙafa ya fara. Gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ita ta haifi littattafanmu na farko, kuma tatsuniya da hikayoyin Larabawa su ne abin koyinsu. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam malanta abin wasa ce a hannun Alhaji da Malam Zurƙe. Kowa yana tuna inda Alhaji ya yi zane a ƙasa a gaban jahilai, Zurƙe ya karanta shi a matsayin harafi, Alhaji ya ce jinjirin wata ne, jama'a suka bi bayan mai ƙarya. Raha ce mai kaifi, kuma tana kan layin abin da Shehu ya soka a Nurul Albabi. Sai dai littafin dariya ne, bai yi alkawarin shiga zuciyar kowa ba.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ya fi kusa. Ga malami natsattse yana ba almajiransa labarin yadda aka sace shi yana yaro, ya tashi a hannun Balarabe, uwarsa ta faɗa bauta a garin nemansa, ta rasu jim kaɗan bayan sun sadu. Haƙuri da miƙa wuya ga hukuncin Allah sun cika littafin. Abin da ya rasa shi ne kokawa. Mun ga Umar ya haƙura, ba mu ga abin da haƙurin ya ci masa ba. Mutumin da ya ga abin da bauta ta yi wa uwarsa, a ce ko dare ɗaya bai kwana yana tambaya ba? Abdullahi, wanda mutum ne na gaske kuma babban malami, ya bar mu mun ga ransa a dagule. Umar na ƙage ne, amma an rufe mana shi ruf.

Rikici Ya Cinye Ma'ana

Akwai dalili na biyu da ya sa marubutan baya suka ƙara nisa da wannan fage. Tijjaniyya ta shigo ƙasar nan tun zaman da Alhaji Umarul Futi ya yi a Sakkwato a zamanin Bello, ta kuma yi sabon yaɗo bayan haɗuwar Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a aikin hajjin 1937. A 1949 da 1956 an yi tashin hankali tsakanin Ƙadirawa da Tijjanawa a gabashin Lardin Sakkwato, aka daɗe ana jayayya a kan ƙabalu da sadalu. A 1972 Shehu Abubakar Gumi ya fitar da littafinsa na aƙida da ya soki ɗariƙu, a 1978 aka kafa Izala a Jos ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris. Daga nan kalmar da ta fara da nufin hisabin zuciya ta koma tambarin ɓangare. Aka raba masallatai, wasu wuraren har aure ya mutu.

Marubuci ɗan kasuwa ne ta wani gefe, yana son littafinsa ya shiga kowane gida. Sai ya zaɓi hanya mai sauƙi, ya kawo tsoho marar ɗariƙa, marar tarihi, marar malami, wanda ba zai ɓata wa kowa rai ba. Sakamakon haka, abin da ya fi girgiza gidajen Hausawa a rabin ƙarnin da ya wuce, wanda ya raba uba da ɗa, ya raba wa da ƙane a kan gawar mahaifinsu, da wuya ka same shi a ƙagaggun labaranmu in ba a fakaice ba. Mun bar shi ga masu lasifika, su kuwa aikinsu kare ɓangare ne.

Wasu sun gwada, kuma sun ci nasara. Marubucin Senegal Cheikh Hamidou Kane ya fitar da littafinsa L'Aventure ambiguë a 1961, littafin da ake karantawa a makarantun ƙasashen renon Faransa, don haka 'yan'uwanmu na Ƙonni da Tawa da suka yi boko ba baƙonsu ba ne. Labarin Samba Diallo ne, almajirin wani malami sufi mai tsanani, wanda danginsa suka cire shi daga makarantar allo suka kai shi ta Nasara, har ya je Faris ya karanta falsafa, ya dawo gida sallar da ya tashi da ita ta gagare shi. Babu karama ko ɗaya da ta ceci kowa a littafin. Duk da haka wanda ya karanta shi zai san abin da malamin nan yake nema a wurin Ubangijinsa, zai kuma san abin da yaron ya rasa.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Shawarata ta farko ga ɗan'uwa mai tasowa ita ce ya san abin da yake rubutawa. Boka dabam, ɗan bori dabam, malamin tsibbu dabam, sufi dabam. Bandiri da maukibi na Ƙadirawa ne, wazifa da shimfiɗa farin ƙyalle da zikirin yammacin Juma'a na Tijjanawa ne. Wuridi ba laya ba ne, halwa ba tsafi ba ce, muƙaddami ba shi ne shehun ɗariƙa ba. Wanda ya cuɗa waɗannan ya nuna wa mai karatu cewa ko zauren unguwarsu bai taɓa leƙawa ba. Sanin abu kuma ba ya nufin yarda da shi. Ɗan Izala yana iya rubuta muƙaddami na gaske, kamar yadda ɗan ɗariƙa yake iya rubuta ɗan agajin Izala na gaske, in dai kowannensu ya yarda ya zauna ya saurara.

Ta biyu, a kawo mutumin cikin gari. Garinmu na iyaka ne, kuma babu inda ake jarraba zuciya kamar inda kuɗi ke ƙetare shinge. A rubuta mana dillalin shanu da ba ya fashin wazifa amma ya san saniyar da ya sayar ranar Lahadi tana da ciwo. A rubuta mana ɗan canji da yake jan carbi da hannun dama yana rage wa baƙauye lissafin sefa da na hagu, da abin da yake gaya wa kansa in ya kwanta. A rubuta mana tsohon muƙaddami da ɗansa ya dawo daga karatu ya ƙi bin sa salla, da uwar da take dafa musu tuwo a tukunya ɗaya. A rubuta mana shehun da almajirai suka fara faɗar karamominsa, ya san ba su faru ba, amma ya ga zawiya tana cika. Muhasibi ya rubuta irin waɗannan cututtuka a babi-babi, aikinmu shi ne mu sa musu riga da wando su yi tafiya a kasuwa.

Ta uku, a bar mutum ya biya kuɗin zaɓinsa. In tauraro ya tuba, mu ga abin da tuban ya raba shi da shi. In ya zaɓi gudun duniya, mu ga matarsa da 'ya'yansa da suke jiran cefane. Abdullahi bai tsira da barin sansani ba, komawa ya yi ya ci gaba da zama da abin da yake ƙi.

Kammalawa

Na bi ma'anar sufanci daga Basra zuwa Bagadaza, daga can zuwa Degel da Salame, don in nuna cewa abin da ya fi daɗewa a cikinta shi ne mutum ya tsare kansa da tambaya. Wannan kuwa shi ne jarin mai rubuta labari, ko da wace aƙida yake bi. Ayyukan Nana Asma'u an tattara su an buga tun 1997 ta hannun Jean Boyd da Beverly Mack, Tazyinul Waraƙati da littattafan Shehu suna hannun malaman zaure da masu sayar da littattafai a bakin Hubbare. Ina ba reshenmu shawara ya keɓe zama ɗaya a kowane zango a karanta ɗaya daga cikinsu, a gayyato malamin da zai fassara, kowa ya zo da alƙalaminsa. Wanda kuma yake ganin na zalunci littattafanmu na yau, shafukan mujallar nan a buɗe suke, ya kawo mana sunan littafi da shafin da sufi ya yi magana da zuciyarsa, mu karanta tare. Allah ya sa mu dace.